Agwagwar da Ba Ta Iya Iyo Ba

A garinmu, idan tsoho ya haura tamanin sannan ya rasu, ba a cika kuka ba. A ɗaura farin ƙyalle a ka, a kafa rumfa ta cinye rabin layi, a dafa abinci kamar na biki, masu wasan majang, wato kartarmu ta 'yan tubala, su yi ta ƙwanƙwasa tebur har kunne ya gaji. In an tashi kuma, kowa ya saci kwano. E, sata nake nufi. Masu gida sukan sayo jajayen kwanukan tangaran su jibge a gefe su kau da kai, baƙo ya zura ɗaya cikin riga ya fice yana muzurai. Duk wanda ya ci abinci a kwanon ya ɗebi rabo daga tsawon ran mamacin. In da hannu aka miƙa maka, ba ya aiki, sai ka sata. Kuma kwanon da aka sata ba a biɗarsa, don wanda ya ce a dawo masa da shi kamar ya ce a zare shekarun daga jikin mai ci ne.

To, Tsoho Luo Dehai, masaƙin kwando na Layin Masu Gora, ya kusa casa'in ya tafi. Ranar da aka kai shi ko kwano ɗaya bai kwana a rumfa ba, 'ya'yansa har alfahari suke yi.

Washegari matarsa Pang Suhua ta tashi da sassafe kamar yadda ta saba, ta dama kunun shinkafa, ta miƙa hannu kan kanta don ta sauko da kwanukansu biyu. Ɗaya ta taɓa. Ta lalube kusurwa, ta ɗaga tukunya, ta leƙa bayan tulun ganye mai tsami. Babu.

"Chunyan!" ta ƙwala wa surukarta kira. "Ina kwanon babanku?"

"Wanne, Mama?"

"Kwano nawa gare shi? Baƙin mana."

Chunyan ta fito tana goge hannu. "Ai shi na zuba wa shinkafa na ajiye gaban hotonsa jiya. Da aka dawo daga binne shi a kan tudu sai masu wanke-wanke suka kwashe komai suka haɗa da na rumfa." Sai ta dafe baki. "Wayyo, Mama. Kar dai..."

"An sace," in ji Suhua. Ta zauna a kan kujerar gora.

Ɗanta Jiping ya sauko daga sama da wayarsa a hannu, fuska a murtuke. "'Yan sanda zan kira yanzun nan."

"Ka kira su su kama wa? Layin nan kakaf? Matar ɗan sandan ma na gan ta da kwano biyu a jaka."

"Mama, wannan ba kwanon kasuwa ba ne! Kin manta mutumin birnin Chengdu ɗin nan mai sayen kayan da? Hannunsa har rawa yake da ya ɗaga shi."

"Ban manta ba. Na kuma tuna tsintsiyar da ubanka ya raka shi da ita." Ta harare shi. "Ajiye wayar nan. Ba za a ce gidan Luo sun kira mutane makoki sannan sun bi su da 'yan sanda ba."

Ita ba darajar kwanon ce ta dame ta ba. Ranar bakwai ce. Kowa ya san a ranar nan mamaci yakan dawo gida da almuru ya ci abincinsa na ƙarshe kafin ya kama doguwar hanya. A jera masa abin da yake so a tebur, mutanen gida su ba shi wuri. Shi kuwa Dehai, tun yana saurayin magidanci bai taɓa sa baki a wani kwano ba.

"Ai kwano kwano ne, Mama," in ji Chunyan a hankali. "Sai a zuba masa a sabo."

"Ubanku? A sabo? Mutumin da aka kwantar a asibiti ya kulle baki kamar jariri, sai da na hau mota na kai masa kwanonsa? Zuwa zai yi ya leƙa, ya yi tsaki, ya juya. Da yunwa zai tafi, ni na san kayana."

Da ta faɗi haka muryarta ta karye. Tun rasuwar ba ta yi kuka a gaban kowa ba sai yanzu.

Kwanukan nan biyu, in ka gan su daga waje ba za ka ba su kallo na biyu ba. Baƙi ƙirin, kamar gindin tukunya. Amma azurfa ce tsantsa, an buga mata ganyen bado a jiki, a can ƙasan ciki kuma kowanne da agwagwarsa ta ruwan zinariya, ɗaya namiji mai tukku, ɗaya tamata. Kakan kakan Dehai attajirin gishiri ne, shi ma a hannun wasu ya same su sun riga sun tsufa. Kakansa ya zuƙe dukiyar gidan a bututun shan hayaƙin maye, gonaki da jiragen ruwa da komai, sai kwanukan nan da matarsa ta zauna a kansu ta ce sai dai a sayar da ita.

A shekarun da samari masu jan ƙyalle a damtse suke bin gida gida suna farfasa kayan da, Dehai ya shafe bayan kwanukan da gwaiduwar ƙwai da hayaƙin fitila har suka yi baƙi. Ranar da suka iso gidan, suka tarar da shi zaune a bakin ƙofa yana shan kunu a ɗaya, matarsa a ɗaya. Suka birkita ɗaki, suka fasa tulu, suka wuce. Ba wanda ya tsaya jiran masaƙin kwando ya gama shan kunu. Tun daga nan abin ya zame masa jiki. A bakin ƙofa yake cin abinci kamar kowa a layin, amma in ya kusa kaiwa ƙasa sai ya miƙe ya shige ciki. Maƙwabta suna ce masa marowaci, wai ko ɗan ragowar da ake jefa wa kare ba ya so a gani.

Ita Suhua ta fara ganin kwanukan ne tun kafin wannan, shekarar da 'yarsu ta fari ta rasu da zazzaɓi tana goye. Ta kwanta ta juya wa duniya baya, ta ƙi ci ta ƙi sha. Dehai a lokacin mutum ne mai kunya, magana ma sai an ciro ta daga bakinsa. Ya buɗe akwatin uwarsa, ya ɗauko kwano, ya cika shi da kunu, ya zauna a bakin gado.

"Akwai wani bawa a ƙasan kunun nan," ya ce. "Ya nutse. In ba ki cece shi ba, mutuwa zai yi."

Ba ta ko juyo ba. "Wane ne?"

"Agwagwa."

"Agwagwa ba ta nutsewa, Dehai."

"Wannan bai iya iyo ba."

Haushi ne ya sa ta karɓi cokalin, don ta ƙaryata shi. Ta sha, ta ƙara, can sai ga tukkun zinariya ya leƙo ta cikin kunu. Shi kuma ya ɗauki mai tamatar ya ce wannan nasa ne, kowa in ya gama abincinsa ya ga nasa. Haka suka tsufa, ita tana ceto namijin, shi yana ceto tamatar, safe da yamma.

Yanzu tamatar ta shiga gari, namijin kuwa yana nan a nutse. Tun rasuwar, Suhua takan zuba kunu ta yi cokali biyu ta ture, Chunyan ta kwashe ta wanke. Ba za ta iya kallon tukkun nan ba.

Tambaya dai ba a yi, amma ba wanda ya hana tsohuwa yawon godiya. Ta cika kwando da alewa da ƙananan tawul, ta ɗauki sandarta, ta fara daga bakin layi. Duk gidan da ta shiga, bakinta yana godiya, idonta yana kan kanta. Gidan Feng mai aski ta ga jajayen kwanuka har uku a jere, shi da ba shi da mata balle ɗa.

"Feng, shekara nawa kake nema ne? So kake ka binne mu duka?"

"Yaya Pang, ai ɗaya na safe ne, ɗaya na rana, ɗaya in wancan ya fashe."

Gidan mai awara ta leƙa har madafa da sunan neman ruwan sha. Gidan malamar makaranta ta yi kamar jiri ya ɗebe ta don a zaunar da ita kusa da kabad. Ta sha shayi har cikinta ya yi ƙarar tulu, baƙin kwano dai ko alamarsa. Kwanaki suka yi ta tafiya, gwiwoyinta suka kumbura. Ana jibi bakwai, gida ɗaya ya rage, wanda yake jingine da nata bango da bango.

Gidan Tao Guilan ke nan. Su biyun nan, tun suna da baƙin gashi suke faɗa. An fara ne a kan kazar Guilan da ta shiga shanyar barkonon Suhua, aka koma kan magudanar ruwa, aka koma kan reshen lemo da ya tsallaka katanga. Kazar ta mutu, jikokinta sun mutu, faɗa yana nan. Ba sa gaisawa sai da baƙar magana, amma in ɗaya ta kwana biyu ba ta ji muryar ɗaya ba sai ta aiki yaro ya leƙo.

Ta buga ƙofa da sanda. Guilan ta buɗe kaɗan, ta toshe hanya da jikinta.

"A'a, Yaya Pang. Yau rana ta ina ta fito?"

"Ta inda ta saba. Godiya na kawo, in za ki matsa. Ko ƙofar ma ta yi miki kaɗan ne?"

"Ba ni a nan, na gode."

"Tsohuwa kamata za ki tsayar a waje? Haka aka koya miki a ƙauyenku?"

Guilan ta matsa, amma idonta ya ƙi haɗuwa da na Suhua, ita da kullum take kallon mutum tsakiyar ido. Nan take Suhua ta gane akwai abin da take ɓoyewa.

A tsakar gida, ƙarƙashin lemon da ake faɗa a kansa, wata mace tana kishingiɗe a doguwar kujera, an lulluɓe ta da bargo ga rana tana dukan ƙasa. Sai da Suhua ta dube ta da kyau ta gane Mingyu ce, autar Guilan, wadda take aiki a birni. Ta ji an ce ta dawo, an yi mata aiki a ciki, amma ba ta zaci abin ya kai haka ba. Hula ce a kanta, ba gashi ko sili. Wuyan hannunta bai fi tsinken cin abinci biyu a haɗe ba. Yarinyar nan da take hawa katanga tana satar musu lemo, Dehai yana yi kamar bai gani ba.

A kan cinyarta kuma ga baƙin kwano, cike da kunu, ya huce har ya yi fata.

"Goggo Pang," in ji Mingyu, tana ƙoƙarin tashi. "Sannu da haƙuri. Ban samu na fito ba."

"Kwanta abinki, 'yar nan."

Suhua ta tsaya da kwando a hannu. Ga shi nan, taku uku tsakaninta da shi. Ta ga lanƙwasar bakinsa inda ya taɓa faɗuwa, ta ga wurin da babban yatsan Dehai ya goge har ya ɗan yi haske. Kalma ɗaya za ta faɗa. Guilan ba za ta iya musu ba, kunya ma ta ishe ta. Tsohon ya zo jibi ya tarar da abincinsa yadda ya saba.

Guilan ta matso kusa da ita, ta yi ƙasa da murya. "Ni na ɗauka. Ba sai kin yi ta zare ido ba. Jajayen nan na kasuwa me suka sani? Jiya jiya aka gasa su. Wannan kuwa shekara da shekaru ina ganinsa a hannunsa, mutum ko mura ba ya yi. Na ce in akwai kwanon da ya san hanyar tsufa, shi ne." Ta kau da kai. "Tsohon gwangwani ne dai, Yaya. In kina so in saya miki sabo, na ƙarfe mai kyau."

Gwangwani! Da a wata rana ce, da Suhua ta wanke ta tas har maƙwabta su fito kallo.

"Tana ci?" ta tambaya.

"Ina fa. Cokali ɗaya, biyu, ta ce bakinta ɗaci. Likita ya ce in ba ta ƙara nauyi ba, ba za su ci gaba da maganin ba. Na dafa kaza, na dafa kifi, na roƙa, na zage ta, na yi kuka." Idon Guilan ya cika. "Ni ban san kuma me zan yi ba."

Suhua ta ajiye kwandon. Ta jawo 'yar kujera ta zauna a gaban Mingyu, gwiwoyinta suna ƙara. Ta karɓi kwanon. Ta miƙa wa Guilan.

"Ɗumama wannan. Kunu kamar na kare za ki ba mara lafiya? Ki yanka citta siriri ki zuba, da ɗan ganye mai tsami. Ba naki ba, naki gishiri ne zalla. Aika gidana a ɗebo."

Guilan ta buɗe baki za ta rama, ta fasa, ta wuce madafa. Da aka dawo da kunun yana tururi, Suhua ta ɗora shi a cinyar Mingyu ta sa mata cokali a hannu.

"Goggo, ba zan iya ba. Komai ɗanɗanon ƙarfe yake mini."

"Na sani." Suhua ta gyara mata cokalin a hannu. Ba ta shirya faɗa ba, maganar ce ta fito da kanta, da irin muryar mai ita. "Akwai wata baiwa a ƙasan kunun nan. Ta nutse. Kwana da kwanaki ba wanda ya cece ta."

Mingyu ta ɗaga ido. "Wace ce?"

"Agwagwa."

"Haba Goggo. Ni fa na haura talatin."

"Ita ta haura ɗari nawa, ba ta yi miki gori ba."

"Agwagwa ai ba ta nutsewa."

"Wannan ba ta iya iyo ba."

Mingyu ta yi 'yar dariya, irin wadda ba ta da ƙarfi. Ta ɗebi cokali ɗaya. Ta huta. Ta ƙara. Suhua ta shiga ba ta labarin Feng da kwanukansa uku, da yadda matar ɗan sanda ta yi tuntuɓe a bakin rumfa jakarta ta yi ƙara. Ranar dai rabi aka sha, Mingyu ta ture ta ce ta gaji.

"To ta ƙara kwana a ruwa," in ji Suhua. "Ta saba. Amma kar ki bari uwarki ta leƙa, sai wanda ya sha ne yake gani. Ki rufe ido ki juye, Guilan, ki wanke a duhu."

Ta ɗauki sandarta ta fita, ba ta waiwayi kwanon ba. Sai da ta shiga gida ta rufe ƙofa sannan ta tsaya gaban hoton Dehai.

"Na same shi," ta ce masa. "Na kuma baro shi. Ka yi fushi in ka ga dama. Kai ka koya wa yarinyar hawa katanga, ba ni ba." Ta share ido da bakin riga. "Ka yi haƙuri, tsoho. Ko sau ɗaya ka daure ka ci a nawa."

Ta gaya wa Jiping ba a samu ba, ya kuma bar maganar.

Ranar bakwai tun da hantsi take madafa. Ta soya awara da jan barkono yadda yake so, har sai mutum ya yi tari. Ta dafa kifi da ganye mai tsami, ta soya gyaɗa, ta ɗumama 'yar giyarsa. Da rana ta yi sanyi ta shimfiɗa tebur, ta ɗauko kwanonta ta zuba shinkafa ta ajiye a mazauninsa. Ta tsaya tana kallo. Kwano ɗaya a tebur, abin bai yi mata kyan gani ba ko kaɗan. Ta san zai duba ya gane.

Sai aka buga ƙofa, bugu irin na mai neman faɗa.

Guilan ce, da ƙunshi a ɗankwali, tana haki kamar ta yi gudu alhali taku goma ne.

"Ke wace irin muguwar tsohuwa ce?" ta fara tun daga bakin ƙofa. "Ki bar ni ina ce wa zinariya gwangwani? Ki zauna a gidana ki ƙunshe baki? Ɗazu yarinyar nan ta ƙwala ihu na ɗauka wani abu ne ya same ta. Na zo na tarar ta shanye tas, tana nuna mini ƙasan kwano tana dariya tana kuka. Ni da nake wanke shi kullum ban taɓa duban ƙasansa ba, sai ga agwagwa tana kallona!"

"Ta shanye?"

"Tas, na ce miki. Har ta ce ko da saura." Guilan ta ja hanci. "Sannan na tuna yau bakwai. Na tuna mutumin nan ko a bikin ɗansa da kwanonsa ya zo. Shi ya sa kika yi ta yawo gida gida da ƙafafun nan naki kamar na agwagwar."

Ta miƙo ƙunshin. Suhua ta mayar da hannuwanta baya.

"A'a. Kwanon sata ba ya dawowa, kin sani. So kike ki dawo da shekarun, ki zare su daga jikin 'yarki? Koma da shi tun bai tsallaka ƙofar nan ba."

"Wa ya ce dawo da shi na yi?"

"To me ne wannan?"

"Aro." Guilan ta ɗaga haɓa. "Kwanona ne, na sata da hannuna a gaban jama'a. Maƙwabciya ta yi baƙo ba ta da kwanon kirki, na ba ta aro. Gobe da safe ina son abina, kuma a wanke."

Suhua ta tsaya tana juya maganar. Ta duba ta nan, ta duba ta can, ba ta ga ta inda ta ɓaci ba. Abin aro ai na mai shi ne ko yana gidan wani.

"Aro," ta ce.

"Aro. Kin kurumce ne?"

Ta karɓa da hannu biyu. Da ta kwance ɗankwalin sai ta ga wani wuri a gefen kwanon, faɗin babban yatsa, yana ƙyalli fari fat, ganyen bado ya fito da jijiyoyinsa, bakinsa da zaren zinariya.

"Me kika yi masa?"

"Toka na ɗan sa, in gani ko da gaske ne."

"Shekara hamsin bawan nan yana tara baƙinsa, ke kin zo da tokarki!" Amma ba ta iya ɗauke ido daga ganyen ba. Rabonta da ganinsa tun tana da ƙuruciya, har ta manta haka yake da kyau.

Ta juye shinkafar a nasa, ta zuba wata a nata, ta jera su gefe da gefe, ta ɗora tsinke a kan kowanne. Ta kunna turare. Sannan ta kora kowa sama, ta ja ƙofa, ta bar masa ɗakin.

Da gari ya waye shinkafar ta ɗan lotsa ta gefe ɗaya. Jiping ya ce kyanwa ce. Uwarsa ta ce kyanwar da ta san ta fara ta gefen hagu ta bar gyaɗa sai ƙarshe, lalle ta daɗe a gidan nan.

Ta wanke kwanukan, ta dama sabon kunu da citta, ta cika na Dehai. Har ta kai ƙofa sai ta dawo ta cika nata ma, don hannu ya saba ɗaukar biyu. Ta tarar da Mingyu zaune a ƙarƙashin lemo, yau ba bargo.

"Ga aronku," ta ce wa Guilan. "Duba da kyau, kar gobe ki ce na ɓalle masa baki."

Guilan ta juya shi ta duba ta ko'ina, don neman magana, sannan ta miƙa wa 'yarta. Suhua ta zauna da nata a cinya.

"Saurara, Guilan. Ran da aka kafa mini rumfa, wannan za ki sata. Ki yi sauri, don Jiping zai sa ido, Chunyan kuma kabad za ta kulle shi ba mai ci a ciki. Kar a raba su."

"Ji mini mata! Wa ya ce miki zan fi ki daɗewa? Irinku masu baƙin hali ai ba kwa mutuwa." Ta juya baya tana gyara itacen da ba abin da ya same shi, kafaɗunta suna rawa.

Mingyu ta sha cokali uku, ta tsaya, ta dubi kwanon da ke cinyar Suhua. Ta dubi wuyan tsohuwar, yadda riga ta yi mata yawa.

"Goggo, naki fa? Akwai wani a ciki?"

"Akwai."

"Shi ya iya iyo?"

Suhua ta dubi kwanon. Ta girgiza kai.

"Tun yaushe yake ƙasa?"

"Tun ran da aka kai shi."

"To ni ba zan ƙara ko cokali ba sai kin fara."

"Ka ji 'yar banza," in ji Suhua. "Halin uwarki sak."

Ta ɗauki cokalin. Na fari da ƙyar ya wuce. Suka yi ta sha, tsohuwa da mara lafiya, Guilan tana tsaye a kansu kamar mai gadi. Kunun ya yi ƙasa, ya ƙara ƙasa, sai ga tukkun ya leƙo, sannan ido, sannan bakin nan da maƙerin ya ɗan karkatar kamar mai shirin ƙorafi. Ta kwashe ragowar da gefen cokali har ya fito duka.

"Ga ka nan," ta ce masa, hawaye yana ɗiga a kan zinariyar. "Tsohon banza. Ka ƙoshi jiya?"

Mingyu ta matso da nata kwanon ta jingina shi da na Suhua. Guilan ta kwashi tukunya ta ce saura kaɗan a ciki, kuma ba za ta zubar ba.